FASHIN BAƘI: Yadda za ka zaɓi kayan haɗa kwamfutar wasa ta farko a ƙasar da dala da wutar lantarki ke yanke hukunci

A ƙarshen watan Yunin 2023 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katin hoto mai suna RTX 4060 a kan dala 299. A farkon wannan wata ana canzar dala ɗaya a hukumance a kan kusan Naira 460, a kasuwar bayan fage kuma kusan Naira 750. Ko da farashin bayan fage aka yi lissafi, kuɗin katin bai wuce Naira 225,000 ba. Amma ranar 14 ga watan ne Babban Bankin Najeriya ya sakar wa Naira mara, ya bar kasuwa ta yi mata farashi. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500, katin da bai ƙara ko sisi ba a Amurka ya koma kusan Naira 450,000 a nan, tun kafin a ɗora kuɗin dako, da na kwastam, da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, da ribar ɗan kasuwa. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a Yulin 2024, sai ya tara albashinsa na sama da wata shida bai taɓa ko kwabo ba kafin ya sayi wannan ɓangare guda ɗaya.

Wannan lissafi ne ya sa zaɓen kayan haɗa kwamfutar wasa ya zama babban al'amari ga matashin Najeriya. Yawancin bidiyoyin da ke koyar da haɗa kwamfuta an yi su ne don mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, ɗakunansu na da sanyi, kuma idan kaya ya lalace za su mayar a ba su sabo. Wanda ke Kano ko Kaduna ko Maiduguri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuskure guda a wurin saye zai iya cinye tarin shekara guda. Don haka tsarin da ya dace da mu shi ne a san inda za a zuba kuɗi, da inda za a tsuke aljihu ba tare da an cutu ba, da kuma inda araha ke zama asara.

Wane wasa, a kan wane allo?

Kafin a je kasuwa, a zauna a rubuta sunayen wasanni uku ko huɗu da ake son bugawa. Wasanni sun bambanta ƙwarai wajen nauyi. Valorant da eFootball da GTA V suna tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023, yana buƙatar ɗan ƙari. Irin su Cyberpunk 2077 da sababbin Call of Duty su ne masu cin ƙarfe. Kowane kamfani yana wallafa jerin kayan da wasansa ke buƙata hawa biyu: mafi ƙaranci, da wanda ya ba da shawara. Hawa na biyun shi ne abin dubawa, domin mafi ƙarancin na nufin wasan zai buɗe ne kawai, ko da yana tafiyar hawainiya.

Sai batun allo. Girman hoton da ake kira 1080p shi ne ya fi dacewa da mai farawa, kuma ƙididdigar da dandalin sayar da wasanni na Steam ke fitarwa duk wata ta daɗe tana nuna cewa fiye da rabin masu wasa a duniya a kansa suke. Hoton 4K ya ninka shi sau huɗu a yawan ɗige-ɗige, saboda haka yana buƙatar katin da ya ninka tsada. Haka kuma allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai nuna fiye da haka ba, ko da katin na iya samar da hotuna 200. Mai son wasannin harbi na gasa ya nemi allon da ke sabuntawa sau 144 ko sama da haka.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa tsakani da Allah. Idan ƙwallo kawai zai riƙa bugawa, na'urar PlayStation ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin kulawa. Kwamfuta tana cancantar wannan ɗawainiya ne idan za ta yi aiki biyu: wasa da dare, da rana kuma gyaran bidiyo, zane, koyon rubuta manhaja ko aikin ofis.

Katin hoto: nan ne kuɗin ke tafiya

Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira garafik kad, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a cikin wasa. Shi ne ya fi kowane ɓangare tasiri a kan saurin wasa, don haka ya dace ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin da aka ware. Kamfanoni uku ne ke ƙera zuciyarsa: Nvidia da AMD da Intel. Sunaye irin su Asus, MSI, Gigabyte da Sapphire da ake gani a jikin kwali, masu haɗa gangar jiki ne da fanka.

Ga mai wasa a 1080p, waɗannan su ne katunan da aka fi cin karo da su. RX 6600 na AMD ya fito a 2021, yana da ma'ajiyar hoto ta GB 8, yana jan wuta wat 132. RTX 3060, shi ma na 2021, yana da GB 12, yana jan wat 170. RTX 4060 yana da GB 8, amma wat 115 kawai yake ja, abin da ke da daraja ga mai amfani da inbata ko sola. A Disambar 2024 Intel ya fitar da Arc B580 mai GB 12 a kan dala 249, sai dai ba ya nuna cikakken ƙarfinsa idan aka haɗa shi da tsohuwar furosesa. A 2025 aka samu RTX 5060 mai GB 8 a kan dala 299, da RX 9060 XT wanda ke da nau'i biyu: mai GB 8 a kan dala 299, da mai GB 16 a kan dala 349.

Ma'ajiyar hoto abin lura ce. GB 8 na wadatarwa a yawancin wasanni a 1080p, amma wasu sababbin wasanni sun fara cika ta, idan kuma ta cika wasan ya kan riƙa tsaitsayawa. Wanda ke son katinsa ya kai shi shekara huɗu ko biyar, ƙarin da zai biya don samun GB 16 kuɗi ne da ba a zubar ba. Sai dai yawan ma'ajiya shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin kati, kuma a nan ne ake yawan cutar masu saye.

Tarkon sunaye da katunan jabu

Kamfanonin da kansu sukan sayar da kaya biyu mabambanta da suna ɗaya. Akwai RTX 3060 mai GB 12, akwai kuma mai GB 8 wanda ya fi shi rauni. Akwai RTX 3050 mai GB 8 da mai GB 6. Akwai RX 580 na asali na 2017, akwai kuma RX 580 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin, wanda a ƙarfi ya fi kusa da RX 570. Duk wanda ya ce maka “ai duk ɗaya ne”, ka nemi ya nuna maka cikakken sunan a jikin katin da kuma a kan allo.

Bayan wannan akwai jabu na gaske. An daɗe ana ɗaukar tsofaffin katuna, a sauya bayanan da ke cikinsu don kwamfuta ta riƙa nuna sabon suna, a sayar da su a matsayin GTX 1050 Ti ko makamancinsa. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, kuma tana yi wa da yawa daga irin waɗannan tambarin jabu.

Sai katunan da aka yi haƙar kuɗin kirifto da su. Kafin ranar 15 ga Satumban 2022 ana haƙar Ethereum ne da katunan hoto, dare da rana ba hutu. A ranar ne tsarin ya daina amfani da wannan hanya, sai tarin katuna suka kwararo kasuwannin kayan hannu na duniya, musamman RX 570 da RX 580 da jerin RTX 30. Ba dukansu ne matattu ba, wasu ma suna aiki lafiya lau. Amma fankarsu ta gaji, man da ke ɗauke zafi ya bushe, kuma garantinsu ya ƙare. Idan farashin ya yi sauƙi ana iya saye, bisa sharaɗin a gwada katin a gabanka: a buɗe wasa mai nauyi na aƙalla minti 20, a lura ko hoto na tartsatsi ko ɗige-ɗige masu launi, a duba ko zafinsa na haura digiri 85, a kuma saurari ƙarar fanka.

Furosesa da madabod: aure ne, sai jinsi ya dace

Furosesa ita ce ke lissafin abin da ke faruwa a cikin wasa, madabod kuma shi ne faifan da ake dasa kowane ɓangare a kansa. Kowace furosesa tana da irin soket ɗin da take zama, kuma ba a tilasta ta a wani. A ɓangaren AMD akwai AM4, wanda ke ɗaukar Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000 tare da RAM nau'in DDR4, da kuma AM5 na 2022 wanda DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel akwai LGA1700 mai ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, wanda wasu madabod ɗinsa na DDR4 ne wasu na DDR5, sai LGA1851 na 2024.

Ga wasa a 1080p, furosesa mai cibiyoyin aiki shida ta isa. Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F misalai ne biyu da suka yi suna wajen sauƙin kuɗi da ƙarancin cin wuta. Sayen Core i9 a haɗa shi da ƙaramin katin hoto almubazzaranci ne, domin katin ne zai riƙe saurin wasan. A kuma kula da haruffan ƙarshen suna. Harafin F a furosesar Intel na nufin ba ta iya nuna hoto da kanta. Ryzen 5 5600 ma haka take, amma 5600G tana iya. Wannan na da amfani ga wanda kuɗinsa bai kai ba: zai iya farawa da 5600G ya riƙa buga wasanni marasa nauyi, ya ƙara katin hoto daga baya.

Haka nan lambar zubi ta fi sunan muhimmanci. Core i7 na zubi na 4 ya fito ne tun 2013, kuma Core i3 na zubi na 12 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwar da ya ce “Core i7 ce” bai gaya maka komai ba tukuna, sai ya faɗi lambar da ke biye.

Akwai gargaɗi ga mai sayen furosesar Intel ta hannu daga zubi na 13 ko 14, musamman manyan. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wasunsu na karɓar ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa. Ya fitar da gyaran manhaja, ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Zubi na 12 bai shiga wannan matsala ba.

Game da madabod, matsakaici ya wadatar: B550 ga AM4, B650 ga AM5, B760 ga LGA1700. Tsohon B450 na iya ɗaukar Ryzen 5000, amma sai an sabunta manhajar da ke cikinsa, wato BIOS, don haka a tabbatar an yi kafin a bar shago. A AM4 siraran ƙafafun suna jikin furosesa ne, a AM5 da na Intel kuma suna cikin soket. A haska fitilar waya a duba su, domin ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe tana iya hana kwamfuta tashi.

RAM da ma'adana

RAM shi ne teburin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. GB 16 shi ne mizani a yanzu, kuma ya fi kyau a sayi sanda biyu masu GB 8 maimakon ɗaya mai GB 16, domin biyun na aiki kafaɗa da kafaɗa, hanyar wucewar bayanai ta ninka. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Bayan an haɗa, sai an shiga BIOS an kunna XMP ko EXPO kafin RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa; mutane da yawa sun biya kuɗin gudun da ba su taɓa kunnawa ba.

Ma'adana kuwa a sayi SSD nau'in NVMe, wadda ake sakawa kai tsaye a jikin madabod. Ta ninka tsohon faifai mai juyawa sauri sau da yawa. GB 500 na cika da wuri, domin Red Dead Redemption 2 shi kaɗai yana neman GB 150, saboda haka TB 1 ya fi dacewa. Idan ta hannu ce, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da ta yi tana aiki da sauran lafiyarta. Idan kuma sunanta baƙo ne kuma farashinta ya yi araha fiye da hankali, manhajar H2testw za ta tona ko girman da aka rubuta gaskiya ne.

Na'urar rarraba wuta: inda araha ba ta ado

Wannan ƙaramin akwati, da aka fi sani da PSU, shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita irin wadda sauran kayan ke sha. Ba ya ƙara wa wasa sauri, shi ya sa masu farawa ke tsuke masa kuɗi. Amma idan ya mutu, yana iya tafiya da katin hoto da madabod a lokaci guda. A ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi yanzu, ta dawo rabi anjima, wannan ne ɓangaren da bai kamata a saye shi na hannu ko marar suna ba.

Kwamfuta mai Ryzen 5 5600 da RX 6600 ba ta kai wat 300 ba a lokacin wasa, don haka PSU mai wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani kamar Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ya isa, har da sarari don gaba. Tambarin 80 Plus na nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi. Shaida ce ta tattalin wuta, ba ta tabbatar da ingancin kayan ciki, kuma ana buga ta a kwalin jabu. A nemi wanda aka rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240, domin ya fi jure wutar da ta yi ƙasa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuma 120. Wasu tsofaffin PSU da ake kawowa daga can suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a nan, nan take zai ƙone.

PSU mai kyau ma yana buƙatar mai tsaro. UPS shi ne ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna idan wuta ta ɗauke, a samu a kashe ta cikin tsari. A lura cewa lambar VA da ke jikinsa ta fi ainihin wat ɗin da yake ɗauka: mai VA 650 yawanci bai kai wat 400 ba, mai VA 1,000 kuma kusan wat 600 ne. Wasu PSU na zamani ba sa jituwa da wutar ƙananan UPS da inbata masu araha, suna mutuwa da zarar an koma kansu, don haka wanda ke ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi ya fi aminci. Kada kuma a jona kwamfuta kai tsaye a ƙaramin janareta ba tare da sitabilaiza ko UPS a tsakani ba.

Kuɗin wutar ma yana cikin lissafi. A Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Kwamfuta da allon da ke jan wat 300 na awa huɗu kullum suna cin yunit 36 a wata, wato Naira 8,100 a wancan farashi. Kwamfuta mai jan ninkin haka za ta ci ninkin kuɗin, kuma za ta buƙaci babban UPS da manyan batura. Waɗanda suka ga yadda jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, sun san cewa a ƙarshe sola ko janareta ne za su ɗauki nauyin. Kowane wat da aka rage a wurin zaɓen kaya, ragi ne a kuɗin batir da na fetur.

Zafi da ƙura

A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, kuma iskar ɗakin ce kwamfuta ke shaƙa don ta huce. Akwatin da gabansa raga ne ya fi mai gilashi a rufe, ko da na gilashin ya fi kyan gani. A sa fanka biyu a gaba masu jawo iska, ɗaya a baya mai fitarwa. Idan iskar da ke shiga ta fi mai fita, ƙura ba ta samun kutsawa ta ƙananan ramuka, sai ta bi ta matata. A lokacin hunturu a riƙa cire matatar ana kakkaɓewa duk mako biyu, kuma a ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa. Sanyaya ta ruwa da fitilu masu launi ado ne ga irin wannan haɗi. Fankar da ke zuwa a kwalin Ryzen 5 5600 tana aiki, ƙaramar hasumiyar sanyaya mai araha kuma ta fi ta. Kafin a sayi akwati a auna tsawon katin hoto, a kuma tabbatar girman madabod, ATX ne ko micro-ATX, zai zauna a ciki.

Tsohuwar kwamfutar ofis da kayan gwanjo

Hanya mafi araha da ake yawan ba matasa shawara ita ce a sayi tsohuwar Dell ko HP ta ofis da aka kawo daga Turai, a saka mata katin hoto. Tana iya yiwuwa, amma da sharuɗɗa. Da yawansu siraran akwatuna ne da babban kati ba ya shiga, PSU ɗinsu ƙarami ne, kuma wayoyinsa na musamman ne da ba a musanya su da na kasuwa cikin sauƙi. Ga kuma batun babbar manhaja. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana buƙatar furosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, tare da kariyar TPM 2.0. Wasu sababbin wasannin gasa, irin su Battlefield 6, sun fara wajabta irin wannan kariya. Kwamfutar zubi na 4 ko na 6 da aka saya yau, tun daga shago ta fara tsufa.

Kayan gwanjo suna da nasu tarihin. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga, aka fitar a 2018, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shigowa Najeriya a shekara a 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Galibinsu daga tashoshin Turai suka taso. Wani ɓangare na abin da ke kan tebura a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, daga irin waɗannan kwantenoni ya fito. Akwai 'yan kasuwa masu amana a duk waɗannan wurare, kuma alamarsu ita ce ba sa jin haushin gwaji. Furosesa da RAM da akwati ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu. Katin hoto da madabod sai da gwaji. PSU kuwa sabo.

Abin da ke faruwa a can, da yadda yake iso mu

Tsadar kayan ba daga Naira kaɗai take ba. Kusan duk zukatan katunan Nvidia da AMD na zamani kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera su, RAM kuma yana hannun kamfanoni uku: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Waɗannan masana'antu su ne kuma ke yi wa cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira kaya, inda ribar ta fi tsoka. A shekarar kasuwancin Nvidia da ta ƙare a Janairun 2025, kamfanin ya samu dala biliyan 130.5; biliyan 115.2 daga cibiyoyin bayanai suka fito, wasanni kuma biliyan 11.4 kacal suka kawo. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda wannan buƙata, har Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun mutane. Darasin ga mai saye shi ne ya duba farashin RAM a ranar da zai yanke shawara tsakanin DDR4 da DDR5, domin shi kaɗai yana iya sauya wane haɗi ne ya fi sauƙi.

Akwai kuma abin da kayan kwamfuta ba sa gyarawa. Uwayen garken yawancin wasannin intanet da suka fi kusa da mu suna Turai ne ko Afirka ta Kudu, kuma jinkirin da nisa ke jawowa ba ya raguwa don an sayi kati mai tsada. Jona kwamfuta da waya zuwa na'urar intanet ya fi dogaro da wayales, amma iyakarsa ke nan. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, mai babbar kwamfuta da mai ƙarama tare suka zauna. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, don haka sauke wasa mai GB 100 wani kasafi ne da ya kamata a ware tun farko.

Ranar saye

Misalin haɗi mai ma'ana ga mai farawa shi ne Ryzen 5 5600, madabod B550, RAM DDR4 mai GB 16 a sanda biyu, RX 6600 ko RTX 4060, SSD mai TB 1, sabon PSU mai wat 550 ko 650, akwati mai raga, da UPS mai VA 1,000. Wanda kuɗinsa ya fi haka zai iya hawa AM5 da RX 9060 XT mai GB 16. Kafin a biya, a shigar da jerin a manhajar PCPartPicker, wadda ke nuna kayan da ba su dace da juna ba, tare da ƙiyasin wutar da za su ja.

A guji sayen kaya ɗaya-ɗaya cikin watanni. Garantin shago sau da yawa kwanaki ne ƙalilan, kuma madabod ɗin da aka ajiye wata uku ba a gwada ba, ranar da aka gano ba ya aiki babu mai karɓarsa. Gara a tara kuɗin a saye su a mako guda. A karɓi rasit mai ɗauke da cikakken sunan kowane kaya, da lambarsa ta musamman, da kwanakin garanti a rubuce, domin alƙawarin baki ba ya zama hujja. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi, kuma hukumar FCCPC na karɓar ƙorafi, amma da rasit ake zuwa.

Bayan an haɗa, a tabbatar wayar allo tana jikin katin hoto, domin idan aka jona ta a madabod katin zai zauna ba aiki. Sannan a bar kwamfutar ta yi awa biyu ko uku tana wasa mai nauyi a ranar farko, ana kallon zafinta, tun kwanakin garanti ba su ƙare ba.